Yadda Ake Duba Maimaicin Bidiyo Mai Rage Gudu Kafin a Yanke Hukunci a Ƙwallon Ƙafa

Tun daga watan Maris na 2018, lokacin da hukumar IFAB mai kula da dokokin ƙwallon ƙafa ta shigar da na'urar VAR, wato tsarin taimaka wa alƙalin wasa da bidiyo, cikin kundin dokokin wasa, maimaicin bidiyo ya tashi daga abin da gidajen talabijin suke ƙawata shirinsu da shi, ya zama hujjar da ake soke ƙwallo, ko a ba da bugun fenareti, ko a kori ɗan wasa a kanta. Yawancin gardamar da ake tafkawa a gidajen kallo da shafukan sada zumunta bayan an tashi wasa tana tasowa ne daga hoton da aka rage wa gudu, domin jama'a sun ɗauka cewa duk abin da aka nuna a hankali ya fi kusa da gaskiya fiye da abin da ido ya gani a lokacin da yake faruwa. Wannan zato daidai ne a wasu tambayoyi, amma a wasu yakan kai mutum ya baro shi, kuma gwanintar alƙalin wasa ita ce ya san wace tambaya ce a gabansa tun kafin ya nemi a rage gudun hoton. Bayanin da ke tafe zai amfani matashin da yake koyon alƙalanci, da mai sharhin wasanni, da ɗan kallon da yake son ya yi gardama da hujja a hannunsa.

A fara tantance ko lamarin yana cikin hurumin na'urar

Ƙa'idar da aka rubuta a 2018 ta ware abubuwa huɗu ne waɗanda za a iya komawa a duba: shigar ƙwallo raga ko rashin shigarta tare da laifin da ya gabace ta, da bugun fenareti, da jan kati na kai tsaye, da kuskuren hukunta wani ɗan wasa a madadin wanda ya aikata laifin. Ko a cikin waɗannan huɗun ma, ba a taɓa hukuncin da alƙali ya yanke sai idan kuskuren ya fito fili ƙarara, ko kuma wani babban abu ya faru bai gani ba sam. Wajibi ne alƙalin ya fara yanke hukuncinsa a fili kamar babu na'urar, kuma ko bayan an duba, maganar ƙarshe tasa ce, ba ta wanda yake zaune a ɗakin bidiyo ba. Saboda haka mai duba maimaici ba ya tambayar kansa abin da shi zai yanke da a ce usur ɗin yana bakinsa. Abin da yake nema shi ne ko hoton ya nuna, ba tare da kokwanto ba, cewa abin da aka yanke kuskure ne.

A raba tambayar gida biyu

Da zarar an tabbatar lamarin na dubawa ne, sai a tsaya a raba tambayar, kuma a nan ne ginshiƙin aikin yake. Akwai tambayoyin da amsarsu e ce ko a'a, waɗanda ba su buƙatar ra'ayin kowa: shin ƙafar mai tsaron baya ta taɓa ƙwallo kafin ta taɓa mutum, shin ƙetar a cikin yadi na 18 ta faru ko a wajensa, shin ƙwallon ta haye layi gaba ɗayanta, shin a hannu ta buga ko a kafaɗa. Akwai kuma tambayoyin da suke buƙatar awo da basira: da wane irin ƙarfi aka shiga, shin ganganci ne ko sakaci, shin ɗan wasan yana da damar janye hannunsa. Ƙa'idar IFAB ta faɗi a sarari cewa maimaici mai rage gudu na kashin farko ne, wato wurin da laifi ya faru, da gaɓar da aka taɓa, da fitar ƙwallo daga fili, sannan a yi amfani da ainihin gudun wasa wajen auna tsananin laifi da kuma yanke hukuncin ko taɓa ƙwallo da hannu ya kai laifi.

Wannan rabon yana bin alƙali har bakin allo. Idan tambayar ta kashin farko ce, kamar satar gida, alƙalin bidiyo yakan faɗa masa abin da hoton ya nuna ta na'urar da ke kunnensa, shi kuma ya zana alamar talabijin da hannuwansa ya canza hukunci ba tare da ya je gefen fili ba. Idan kuwa ta kashi na biyu ce, sai ya taka da kansa zuwa allon da ke gefen fili ya gani da idonsa, domin awon ƙarfi da ganganci ba abu ne da ake yi wa mutum aike ba.

A kalla da gudun asali tukuna

Kafin a taɓa maɓallin rage gudu, a kalli lamarin da ainihin gudunsa daga kyamarar da ta ɗauko fili da faɗi, kuma a fara daga 'yan daƙiƙoƙi kafin haɗuwar, yadda za a ga daga ina kowane ɗan wasa ya taso, da irin gudun da ya zo da shi, da inda ƙwallon take. Dalilin wannan tsari shi ne rage gudu yana yi wa kwakwalwa wata irin yaudara wadda ko ƙwararru ba su tsira daga gare ta ba. A 2018, masu bincike a jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam sun nuna wa manyan alƙalan wasa 88 daga ƙasashen Turai biyar guntayen bidiyo 60 na ƙeta, wasu da gudun asali wasu kuma a hankali, sai suka tarar cewa alƙalan sun fi tsananta hukunci, har su kai ga jan kati, idan sun kalli lamarin a hankali. Shekara biyu kafin nan, a 2016, wasu masana a Amurka ƙarƙashin Eugene Caruso sun gwada irin wannan a kan bidiyon aikata laifi irin wanda ake gabatarwa a kotu, suka gano cewa mutanen da suka kalla a hankali sun fi yanke cewa da gangan aka yi kuma an shirya tun farko. Bayanin da suka bayar shi ne mai kallo yana jin kamar wanda ya aikata abin ya samu isasshen lokacin tunani, alhali lokacin na mai kallo ne, ba na mai aikatawa ba. Wani abin lura a binciken nasu shi ne nuna bidiyon da gudu biyun ya rage wannan karkata, amma bai kawar da ita gaba ɗaya ba.

Ɗan lissafi zai fito da abin fili. A ɗauka an buga ƙwallo da gudun kilomita 90 a awa ɗaya, wato mita 25 a kowace daƙiƙa, kuma mai tsaron baya yana tsaye mita biyar daga mai bugawa. Ƙwallon za ta iso shi cikin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Idan aka rage gudun hoton ninki takwas, wannan ƙiftawar ido za ta ɗauki fiye da daƙiƙa ɗaya da rabi a kan allo, kuma duk wanda yake kallo zai rantse cewa mutumin ya ga ƙwallon tana tafe ya ƙi janye hannu.

Doka ta 12 ta kasa ƙeta hawa uku. Idan sakaci ne kawai, bugun tazara ko fenareti ya wadatar ba tare da kati ba. Idan ganganci ne, wato ɗan wasa bai damu da haɗarin da zai jefa abokin karawarsa ba, sai katin gargaɗi. Idan kuwa ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima har ya jefa lafiyar wani cikin haɗari, sai jan kati. Abin da ya raba waɗannan hawa uku shi ne gudu da ƙarfi da iko da jiki, kuma su ne ainihin abubuwan da rage gudu yake sharewa daga hoto.

Abin da ya faru da Curtis Jones na Liverpool a gidan Tottenham ranar 30 ga Satumba, 2023, ya isa misali. Jones ya kai ƙafa ga ƙwallo, ƙafar ta zame ta samanta ta sauka a ƙwaurin Yves Bissouma, alƙali Simon Hooper ya ba shi katin gargaɗi, sai alƙalin bidiyo Darren England ya kira shi zuwa allo. Abin da Hooper ya fara tararwa a kan allon shi ne tsayayyen hoto na daidai lokacin da ƙusoshin takalmin suka nutse a ƙafar Bissouma, kafin a nuna masa sauran, kuma ya dawo ya ɗaga jan kati. Akwai alƙalai da dama da za su kare wannan jan katin, domin gaɓar da aka taka tana da haɗari, kuma ƙarar da Liverpool ta ɗaukaka ba ta yi nasara ba. Sai dai a ganina tsarin nunin bai dace ba, domin mutumin da aka fara nuna wa mafi munin hoto ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa, sauran kallon neman tabbaci ne kawai. Da an fara da gudun asali, sannan a rage don a nuna inda ƙusoshin suka sauka, sannan a rufe da gudun asali, da ko hukuncin bai canza ba, babu wanda zai ce hoto ne ya ja alƙali da hanci.

Inda rage gudu yake da cikakken amfani

Bayan an fahimci yanayin lamarin, sai a rage gudu don amsa tambaya guda takamaimai, kuma a san ta tun kafin a danna maɓallin. A wasan Senegal da Kolombiya na gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, alƙali Milorad Mažić ya ba da fenareti bayan Davinson Sánchez ya zamo ta bayan Sadio Mané a cikin yadi na 18, kuma a idon duk wanda ya kalla da gudun asali, ƙeta ce tsagwaronta. Da aka rage gudun hoton, sai ga dugadugin Sánchez ya taɓa ƙwallon ya kawar da ita tun kafin jikinsu ya haɗu, alƙalin ya janye hukuncinsa. Tambayar a nan ita ce me aka fara taɓawa, kuma ido ba ya iya rarrabe wannan a cikin gudu, na'ura kuwa tana iyawa.

Haka lamarin mai tsaron ragar Nijeriya Chiamaka Nnadozie yake a gasar cin kofin duniya ta mata ta 2019, ko da yake ya yi wa 'yan Nijeriya ciwo. A wasan Nijeriya da Faransa a birnin Rennes, Wendie Renard ta buga fenareti ƙwallon ta daki turke ta fita, sai bidiyo ya nuna cewa ƙafafun Nnadozie biyu sun bar layin raga kafin a taɓa ƙwallon, alhali dokar da ta fara aiki a watan Yunin shekarar ta ce dole ne aƙalla wani ɓangare na ƙafa ɗaya ya kasance a kan layin ko daidai da shi. Aka sake bugawa, Renard ta ci, Faransa ta yi nasara da ci ɗaya mai ban haushi. Hoton bai yi ƙarya ba. Dokar ce ta yi tsauri, kuma IFAB da kanta ta sassauta ta a 2020, inda ta ce idan ƙwallon ta yi waje ko ta daki turke, ba za a sake bugu ba sai in motsin mai tsaron raga ya shafi mai bugawa a fili. Ya kamata mai sharhi ya riƙa bambance waɗannan biyun, wato kuskuren karanta hoto da rashin gamsuwa da dokar kanta.

Kada a amince da kusurwa ɗaya

Kyamara tana nuna abu ne daga inda aka girke ta, don haka ƙafafu biyu da suke da tazara a tsakaninsu suna iya bayyana kamar sun haɗu idan ɗaya tana gaban ɗaya a layin kyamarar. Duk taɓawar da aka gani a kusurwa ɗaya, a nemi ta biyu da za ta tabbatar da ita, musamman wadda take kallon lamarin ta gefe. Shi ya sa a gasar 2018 aka ba alƙalan bidiyo da ke ɗakinsu a Mosko damar amfani da kyamarori 33, takwas daga ciki masu ɗaukar hoton da za a iya rage wa gudu sosai, huɗu kuma waɗanda suka fi su.

A gasar Katar ta 2022, a wasan Japan da Sifaniya, Kaoru Mitoma ya jawo ƙwallo daga bakin layin ƙarshe Ao Tanaka ya zura ta a raga, kuma hotunan farko da duniya ta gani sun nuna ciyawa tsakanin gindin ƙwallon da farin layi, har mutane suka yi ta rantsuwa cewa ta fita. Amma ƙwallo zagayayya ce, cikinta ya fi gindinta faɗi, kuma doka ta ce sai dukkanta ta haye dukkan layin, a ƙasa ko a sama. Kyamarar da take daidai da layin ta nuna gefen ƙwallon yana rataye a saman layin da ɗan kaɗan, aka bar cin, Japan ta yi nasara da ci 2 da 1, Jamus kuma, da take rukuni ɗaya da su, ta koma gida. Ko sau nawa aka rage gudun waccan kusurwar ta farko, amsar da za ta bayar ba za ta gyaru ba.

Satar gida da matsalar zaɓen hoto

Bidiyo jerin tsayayyun hotuna ne da ake nunawa da sauri, kuma kyamarorin talabijin na Turai sukan ɗauki 50 a kowace daƙiƙa. Ɗan wasan da yake gudun mita takwas a daƙiƙa yana matsawa santimita 16 tsakanin hoto ɗaya da mai bi masa, idan kuwa mai tsaron baya yana fitowa shi kuma yana shiga, tazarar tana iya ninkawa. Saboda haka aikin farko a duba satar gida ba ja layi ba ne, a'a, gano hoton da ƙafar mai ba da ƙwallo ta fara taɓa ta ne, domin doka da farkon taɓawa take aiki, ba da lokacin da ƙwallon ta bar ƙafa ba. A matsa gaba hoto ɗaya, a dawo baya hoto ɗaya, a ga ko hukuncin yana canzawa. Bayan nan sai a tuna cewa hannuwa ba sa cikin lissafi, na mai kai hari ne ko na mai tsaron baya, har da na mai tsaron raga, kuma iyakar hannu tana daidai da ƙasan hammata.

Wannan giɓi na tsakanin hotuna shi ya sa a gasar Katar aka girke kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin kowane filin wasa suna bin gaɓoɓi 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa, aka kuma sanya wata 'yar na'ura a cikin ƙwallon da take aika bayani sau 500 a daƙiƙa domin a san daidai lokacin da aka taɓa ta. Wanda yake zana layi da yatsa a kan hoton da ya ɗauka daga talabijin, daga kyamarar da ba ta daidai da 'yan wasan, ya sani cewa ba abu ɗaya suke yi da su ba.

Taɓa ƙwallo da hannu

Nan ne wurin da tambayoyin biyu suke cakuɗewa a lamari ɗaya, don haka sai an bi a hankali. A rage gudu don tabbatar da abu biyu kawai: ko ƙwallon ta taɓa hannu, da kuma ko ta fara taɓa wata gaɓa kafin ta kai gare shi. Daga nan a koma gudun asali don sauran tambayoyin, wato ko hannun ne ya je wa ƙwallo ko ƙwallon ce ta zo masa, da ko inda hannun yake ya dace da motsin da jikin yake yi a lokacin, da ko ɗan wasan ya buɗe shi ne don ya ƙara wa jikinsa faɗi. Mai tsalle dole ya ɗaga hannu, mai zamiya dole ya dafa ƙasa, kuma tsayayyen hoto ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai.

'Yan Nijeriya ba za su manta da wasan Ajantina na ranar 26 ga Yuni, 2018 ba. Ana kunnen doki ɗaya da ɗaya, saura kusan minti goma a tashi, Marcos Rojo ya yi tsalle ya sa wa ƙwallo kai, ta zame daga kansa ta bugi hannunsa a cikin yadi na 18. Alƙali Cüneyt Çakır na Turkiyya ya je allo ya duba, ya dawo ya ce babu fenareti, kuma 'yan mintoci bayan nan Rojon ne ya ci ƙwallon da ta fitar da Nijeriya. Hoton da ya yi ta yawo washegari shi ne na ƙwallo manne da hannu, amma dokar wancan lokaci tana neman a tabbatar da gangan aka yi, kuma tazarar da ke tsakanin kan mutum da hannunsa ba ta ba shi lokacin yin niyya. Duk da zafin abin, hukuncin yana da madafa. A wasan ƙarshe na gasar kuwa, alƙali Néstor Pitana ya daɗe a gaban allo yana kallon yadda ƙwallo ta bugi hannun Ivan Perišić na Kuroshiya, har ya juya zai tafi ya sake komawa, sannan ya ba Faransa fenareti. Wannan jinkirin da kansa abin tambaya ne: kuskuren da sai an kalla an sake kalla kafin a gan shi, da wuya a kira shi bayyananne. Ƙa'ida ba ta ƙayyade wa alƙali lokaci ba, ta ma ce daidaito ya fi sauri muhimmanci, amma idan mutum ya ga yana ta maimaita hoto ɗaya bai gamsu ba, mafi yawan lokuta amsar ita ce a bar hukuncin farko yadda yake.

A san iyakar komawa baya

Idan an ci ƙwallo, ana duba harin da ya haifar da ita tun daga inda ƙungiyar ta karɓe ƙwallon, ba a wuce nan. Haka aka yi a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka tsakanin Nijeriya da Afirka ta Kudu a birnin Bouaké na Kwaddibuwa ranar 7 ga Fabrairu, 2024. Victor Osimhen ya ci ƙwallon da za ta mayar da wasan 2 da nema, ana cikin murna aka kira alƙali Amin Omar na Masar zuwa allo, inda ya ga cewa harin ya faro ne daga ƙetar da Alhassan Yusuf ya yi wa Percy Tau a ɗaya gefen filin, a cikin yadi na 18 na Nijeriya. Aka soke cin, aka ba Afirka ta Kudu fenareti, Teboho Mokoena ya farke, sai a bugun daga kai sai mai tsaron gida Nijeriya ta haye da ci 4 da 2. Mai duba irin wannan lamari ya fara tabbatar da cewa ƙwallon ba ta koma hannun abokan karawa ba tsakanin laifin da cin, sannan ya auna laifin shi kaɗai, ba tare da ya bari girman abin da zai biyo baya ya shiga ma'auninsa ba.

A furta hukuncin da cikakkiyar jimla

Duba hoto daidai ba ya wadatarwa idan bakin mai dubawa bai isar da saƙo ba. A wancan wasan na Tottenham da Liverpool, mataimakin alƙali ya ɗaga tuta ya ce Luis Díaz ya yi satar gida, alƙalin bidiyo ya ja layi ya ga babu satar gida, amma da yake ya zaci an riga an ba da cin a fili, sai ya ce an gama dubawa kawai. Alƙalin fili ya fahimci cewa an tabbatar da tutar, aka ci gaba da wasa, kuma ƙa'ida ta hana komawa kan irin wannan hukunci da zarar an sake take ƙwallo. Hukumar alƙalan Ingila ta fito ta amsa cewa babban kuskure ne na ɗan Adam. Maganin wannan mai sauƙi ne: kafin a fara dubawa a maimaita da baki abin da aka yanke a fili, bayan an gama kuma a faɗi sakamakon da sunansa, a ce ƙwallo ta ci ko ba ta ci ba, a jira ɗaya ɓangaren ya maimaita kafin a busa usur.

Guntun bidiyon da ya iso waya

Yawancin masu gardama ba a ɗakin bidiyo suke ba, abin da ke hannunsu guntun daƙiƙa biyar ne da wani ya turo ta WhatsApp ko ya ɗora a Facebook, an rage masa gudu, an kewaye ƙafar wani da jan zane. Wanda ya yanke guntun ya riga ya zaɓi kusurwar da ta dace da ƙungiyarsa, ya kuma zaɓi inda zai fara da inda zai tsaya. Kafin a ce komai a kansa, a nemi cikakken lamarin da gudun asali a taƙaitaccen wasan da masu gasar suka fitar, a binciki abin da alƙalin ya fara yankewa a fili, domin shi ne ma'aunin da na'urar take aiki a kansa, sannan a duba shekarar da aka buga wasan, tunda an sake fasalin dokar hannu a 2019 an kuma sake gyara ta a 2021, kuma abin da yake laifi a wata kaka ba lallai ya zama laifi a wata ba. Bidiyon da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya yakan rasa kaifinsa har gefen takalmi da gefen ƙwallo su narke cikin juna, kuma irin wannan bai isa a tabbatar da taɓawa ko a kore ta da shi ba. Matashin alƙalin da yake horar da kansa da irin waɗannan guntaye zai fi ƙaruwa idan ya kalli kowanne sau ɗaya da gudun asali, ya rubuta hukuncinsa da katin da zai bayar a takarda, sannan ya rage gudu ya ga ko wata sabuwar hujja ta fito, kamar taɓa ƙwallo da bai gani ba ko ƙusoshin da suka sauka sama da idon sawu. Idan ya samu irin wannan, ya gyara abin da ya rubuta. Idan kuwa abin da ya ƙaru kawai shi ne lamarin ya fi muni a ido, ya bar hukuncinsa na farko ya wuce zuwa guntu na gaba.